Hannu a Cikin Madubi

Shekara shida Elkana yana ba da waƙa a zumuntar masu jin Hausa ta Dubai, ba wanda ya taɓa tambayarsa ko ya iya karanta do-re-mi. A lokacin Juma'a ce ranar hutu, don haka ita ce Lahadinsu. Ƙarfe biyu na rana sukan karɓi wani ƙaramin zaure a harabar coci da ke Oud Metha daga hannun Indiyawa, uku da rabi su miƙa shi ga 'yan Filifin, waɗanda tun saura minti goma suke tsaye a bakin ƙofa da gitocinsu. A tsakanin nan mutum ashirin da 'yan kai, masu gadi da ma'aikatan otal da nas guda biyu, sukan yi sujada da harshen gida. Elkana, wanda sauran kwanakin mako yake hawa rufin sito-sito a Al Quoz yana gyaran esi, na'urar sanyaya ɗaki, shi ke ɗaga murya saura su bi. Muryar tasa ba ta a zo a gani ba ce. Amma kowa ya san ɗan wane ne, wannan kuwa ya isa.

Mahaifinsa, marigayi Malam Filibus, shekara arba'in da ɗaya ya yi yana kaɗa ogan a babban cocin Angilikan na garinsu, wanda mutane ke kira Mai Baka Bakwai. Duk wanda ya taɓa shan shayi da Elkana bayan sujada ya san tarihin cocin nan, wasu ma har sun haddace. Yakan faɗi yadda kakanninsu suka ɗauko duwatsu a ka daga gindin tudu, mata da maza, rani uku a jere. Yakan faɗi yadda Baturen mishan ya zo da zanen cocin ƙasarsu, magini kuma, wani dattijo Musulmi daga Zariya, ya duba takardar ya mayar masa, ya ce shi bakan da ya gada kaɗai zai ɗaura, na azara da ƙasa, irin na soron sarakai. Haka aka yi baka bakwai, ɗaya bayan ɗaya, daga ƙofar yamma har bagadi. Daga baya aka ɗaga bangon, aka shafe cikin da siminti, aka kafa kujerar bishop. Ogan kuwa, irin wanda ake taka wa iska da ƙafa, a jirgin ƙasa ya zo, ya ƙarasa a bayan akori-kura an naɗe shi da bargo. In Elkana ya kai nan, Mama Sabina, nas ɗin da ke shugabantar zumuntar, takan ce masa shayinsa dai ya huce, Baban Felicity.

A farkon shekarar 2019 Edwin ya zo. Saurayi ne dogo mai fara'a, yana aikin tarbar baƙi a wani otal a Deira. Ranar da ya fara zuwa sujada da kibod na kiɗa a saɓe, Elkana ya yi murna da gaske, ya gyara masa waya, ya nemo masa kujera. Sai da aka tashi Edwin ya zo ya durƙusa ya gaishe shi, ya ce ai shi ya san shi tun kafin ya gan shi, don hotonsa na rataye a ɗakin Baba.

Elkana ya tambaye shi wane Baban.

Ashe Edwin daga wani ƙauye yake, mai ƙaramin coci rufin kwano. Shekara huɗu ya yi yana hawa babur duk Asabar zuwa gidan Malam Filibus, bayan tsohon ya ajiye aiki gwiwoyi sun hana shi hawa tudun coci. A ɗakin tsohon ya koyi kiɗa, a kan wani ƙaramin kibod mai batir. Yana nan ma ranar da tsohon ya cika, a 2016, lokacin da Elkana ke kan rufin wani sito, fasfonsa na ofishin kamfani, bai sami hutu ba sai bayan an yi jana'iza da wata biyu.

Daga ranar nan kalmar Baba a bakin Edwin ta zama wa Elkana kamar ƙaya a tafin ƙafa. Baba ya ce a nan ake numfashi. Baba ba ya son a ja wannan wurin. Ba da gadara yake faɗa ba, wannan ma shi ya fi ciwo, don da ya yi gadara da Elkana ya sami abin kamawa. Yaron nan yana riƙe masa jaka, yana ce masa Yaya, yana tambayar lafiyar 'yarsa Felicity da jarrabawarta. Jama'a kuwa, ba tare da wani ya yanke shawara ba, idanunsu suka bar bakin Elkana suka koma kan yatsun Edwin. In an zo fara waƙa, Elkana zai ja numfashi, kafin ya buɗe baki kibod ya riga ya ba da murya. Ya ci gaba da zuwa, ya ci gaba da tsayawa a gaba. A bas ɗin komawa masaukinsa a Al Warsan yakan zauna yana lissafa kurakuran Edwin, in ya rasa sai ya ce kiɗan ba shi da nauyi.

A watan Satumba saƙo ya zo daga gida. Mai Baka Bakwai zai cika shekara casa'in a watan Nuwamba, kuma Rabaran ya roƙi 'ya'yan ikilisiya da ke ƙasashen waje su aiko da waƙa ɗaya-ɗaya a bidiyo, za a haska a cikin coci ranar biki. An ba 'yan Dubai Waƙar Magina, wadda Malam Filibus ya tsara da kansa, tunda ɗansa na cikinsu. Za su yi baiti biyu su kaɗai, daga na uku jama'ar coci su shiga su rera tare da bidiyon har ƙarshe.

Mama Sabina ta karanta saƙon a gaban kowa. Elkana ya gyara tsayuwa. Sai wani mai gadi daga baya ya ce tunda abin na bidiyo ne, duniya za ta gani, gara a ba wanda ya san takarda. Aka yi ta e, e. Edwin ya ce a'a, Yaya na nan, amma ya faɗa ne yana buɗe jakarsa, don yana ɗokin nuna musu wani abu. Ya fito da wani littafi mai baƙin bango, gefensa duk ya cinye, ya ce waƙar tana ciki da rubutun hannun Baba, shi ya ba shi mako guda kafin ya rasu.

Elkana ya san littafin. Da ya je gida bayan rasuwar ya neme shi a akwati da ƙarƙashin katifa, ya tambayi yayarsa Jummai, ta ce ba ta gani ba. Yanzu ga shi a hannun baƙo a Dubai. Aka miƙa masa ya duba, ya karɓa da hannu biyu. Ya buɗe shafin waƙar. Haruffan do-re-mi ba su ce masa komai ba, kamar kullum. Amma a ƙarshen kowane layi akwai abin da bai taɓa gani a littafin ba: ɗan zanen tafin hannu da jan biro, yatsu biyar a buɗe.

Ya tambayi Edwin, muryarsa a sake, ko mene ne wannan. Edwin ya ce shi ma bai sani ba, wataƙila alama ce ta mai bugun lokaci, ko kuwa tsufa ne kawai, don Baba yana yawan zane-zane a gefen takarda.

Elkana ya rufe littafin ya mayar masa. Shi ya san hannun wane ne.

Tun da aka shafe cikin Mai Baka Bakwai da siminti ginin ya koyi amsa kuwwa. In jama'a suka ƙare layi, muryar ba ta mutuwa nan take, takan bi baka bakwai ɗin nan ta je ƙofar yamma ta dawo. Wanda ya fara layi na gaba kafin ta sauka, kalmominsa da na baya sukan cakuɗe su zama kunu. Mai ogan kuwa, da yake kusa da bagadi kayan kiɗan na ƙara a kunnensa, ba ya jin saukarta. Kuma ba a iya ƙirga jiran a rubuta, don ranar da coci ya cika ba ɗaya yake da ranar da rabi ne ba, na damina ba ɗaya yake da na rani ba. Saboda haka Malam Filibus ya ɗaura madubin mota a jikin ogan, ya sa mutum ya tsaya a ƙofar yamma. In layi ya ƙare mutumin zai ɗaga hannu, ya saurara, sa'ad da ginin ya yi shiru ya sauke, sannan a ci gaba. Elkana ya gwada koyon ogan sau ɗaya, yatsunsa suka ƙi. Uban bai yi faɗa ba, ya ce masa kai kunne Allah ya ba ka, ya tura shi ƙofa. Shekara goma sha huɗu ya tsaya a wurin, har ya tafi Kaduna koyon gyaran firji. Bai taɓa sa wannan a cikin tarihin da yake ba mutane ba. A ganinsa ɗan mai ogan da ya ƙare a bakin ƙofa ba abin faɗa ba ne.

A gwajin farko Edwin ya kunna ɗan ƙwanƙwasan da ke cikin kibod mai riƙe lokaci, ya bi waƙar tiryan-tiryan, layi na bin layi ba tsayawa. A cikin ƙaramin zauren nan mai kafet da labule ta yi daɗi ƙwarai, har Mama Sabina ta share ido. Elkana ya rera tare da su, a ransa kuwa yana ganin ranar biki. Mutum dubu a cikin coci, waɗanda tun suna goye suka saba jiran gini a ƙarshen kowane layi, ko bayan rasuwar tsohon ba su daina ba. Za su shiga a baiti na uku, su tsaya inda suka saba tsayawa, bidiyon ya wuce ya bar su. Kafin baiti na huɗu 'yan Dubai na gabas jama'a na yamma, ginin na dama su wuri guda, bishop na zaune yana kallo. A ƙasan bidiyon kuma sunan Edwin ne, ɗalibin Malam Filibus. Abin ya yi masa daɗi, irin daɗin da mutum ba ya son a gani a fuskarsa.

Mako uku ya riƙe bakinsa. Sau ɗaya Mama Sabina ta tare shi a bakin ƙofa ta ce ta lura kwanan nan ba ya gyara wa kowa komai, shi da ko tari aka yi ba daidai ba sai ya yi magana. Ya ce ai yanzu akwai masana.

"Baban Felicity," in ji ta, "ni allura nake yi wa mutane, na san fuskar wanda ya ce ba zafi."

Ya yi dariya ya wuce. Ita ce kuma ta ɗora masa neman wurin ɗaukar bidiyo, don a zaurensu gangar maƙwabta na ratso bango. Ya tuna da Idris, wani Bakano mai kula da wani sito a Al Quoz, wanda Elkana yake gyara wa esin ofis. Idris ya ce sun ci sa'a, kamfanin na ƙaura, an kwashe kaya kaf, mai wurin ma ya yarda. Su zo ranar Juma'a da safe, amma sha ɗaya da rabi zai kulle ya tafi masallaci, ko sun kai amin ko ba su kai ba.

Suka iso ƙarfe tara da fararen riguna, mata da ɗankwali iri ɗaya. Elkana ya sha shiga siton nan, amma kullum cike yake da kwalaye har rufi. Yau ba komai sai siminti da ƙarfe da haske daga sama. Idris ya ja ƙofar ta rufu, ƙarar ta tafi can ƙarshen ginin, ta juyo, ta daɗe kafin ta kwanta. Gashin jikin Elkana ya tashi. Bai yi zaton zai ji wannan a ƙasar nan ba.

Aka jera mutane a gefe ɗaya, aka kafa waya a kan sanda. Edwin ya kunna ƙwanƙwasansa, ya ba da murya, suka fara.

Kowa da dutsensa muka hau tudu,
Ubangiji, ka dubi kawunanmu.

Layi na biyu ya hau kan na farko, na uku ya hau kansu duka. Kafin ƙarshen baiti masu siririyar murya sun rasa masu kauri, ba wanda ke jin kalma. Edwin ya tsayar, ya rage ƙarar kibod, aka sake. Ya ƙara sauri, abin ya ƙara lalacewa. Ya rage sauri, ya zama kamar kukan makoki. Ya sa aka matso, ya sa aka ja baya. Zufa ta jiƙa masa riga. Idris, wanda ke zaune a kan wata kujerar roba yana danna waya, ya ɗago ya ce wa Elkana, "Injiniya, haka waƙar take, ko esin ne ya lalace?" Wasu suka yi dariya. Elkana ma ya yi, ta fi ta kowa tsawo.

Abin da ya jira mako uku ke nan, ya ma zo masa da wuri, a gaban idonsa. Ya tsaya a sahun baya yana kallon yaron na fama, yana jiran daɗin ya cika shi. Daɗin ya zo, amma da wani abu a haɗe. Waƙar da ake yi wa wannan wulaƙanci ita ce wadda uwarsa ke rerawa tana tankaɗe. Duk da haka bai motsa ba. Ƙarfe goma da rabi ta wuce.

Edwin ya zauna a kan akwatin kibod, ya buɗe littafin a gwiwarsa, ya daɗe yana kallo. Ba da kowa yake ba sa'ad da ya yi magana, amma ginin ya kai wa kowa.

"Baba in ya kai ƙarshen layi yakan ɗaga yatsunsa ya dubi bango, sama kaɗan ta hagu. Ya yi shiru, sannan ya ci gaba. Kullum. Ni na ɗauka numfashi ne ke gagararsa, shi ya sa ban taɓa tambaya ba, kada ya ji kunya."

Sama kaɗan ta hagu. Nan madubin yake a jikin ogan. Elkana ya ga ɗakin tsohon sarai, da kalandar coci da ƙusar rataye hula, ba madubi ba ƙofar yamma, ga tsoho da ƙaramin kibod mai batir yana duban bango yana jiran a sauke masa hannu. Shekara huɗu yaron nan na zaune kusa da shi yana kallo, shi kuwa mai hannun yana kan rufin mutane. Haushin Edwin bai ragu ba, ya ma ƙaru, don shi ya ga wannan da idonsa. Amma ƙafafun Elkana sun riga sun fita daga sahu.

Ya ce wa Edwin ya kashe ƙwanƙwasan nan. Ya tambayi Idris ko akwai madubi, Idris ya ce sai dai na banɗaki, Elkana ya ce a bar shi, yaron ya juya kibod ɗin kawai yadda zai hango ƙarshen siton. Sannan ya yi bayani a taƙaice, yana kallon ƙasa, kamar mai faɗin inda gas ke yoyo. In layi ya ƙare kowa ya rufe baki ya dubi hannunsa. Kada wanda ya ƙirga komai. In hannu ya sauka a shiga.

"Yaya," in ji Edwin, yana duban jan zanen, yana dubansa, "ashe kai ne."

"Yalla, mu je, lokaci na tafiya," in ji Elkana.

Ya taka har can bangon ƙarshe, bayan sandar waya, inda bidiyo ba zai kama shi ba. Suka rera layin farko. Ya ɗaga hannu. Muryoyin suka taso suka wuce ta kansa, suka bugi ƙarfen rufi, suka yi ƙasa a hankali kamar ƙurar da mota ta tayar. Siton ya fi Mai Baka Bakwai jinkiri kaɗan, ya ji haka nan take, kuma ya san ranar biki coci zai cika maƙil, don haka ya sauke hannun kafin shirun ya gama cika, daidai inda jama'ar gida za su ja numfashi. Layi na biyu ya shigo a kan tsaftataccen wuri. Kowace kalma ta fito da ƙafafunta. A baiti na uku kafaɗarsa ta fara ciwo, don rabonsa da wannan aiki shekara ashirin da ɗaya, bai kuwa canja hannu ba. Sau ɗaya suka ɗauka. Idris ya kulle sha ɗaya da minti ashirin, yana cewa da sun san maganin na hannun Injiniya da ba a ɓata wa mutane safiya ba. Mama Sabina ta dube shi, irin duban da take yi wa wanda ya ɓoye ciwo har ya ruɓe.

A bakin titi Edwin ya miƙo masa littafin, ya ce nasa ne. Elkana ya so ya karɓa ƙwarai. Ya tuna ba zai iya karanta ko layi ɗaya ba, kuma tsohon ya san haka sa'ad da ya zaɓi wanda zai ba. Wannan ma wani ciwon ne. Ya ce wa Edwin ya riƙe, amma ya ɗaukar masa hoton shafin nan ɗaya ya turo masa.

Ranar Lahadin biki Elkana na wurin aiki, a kan wani rufi, sa'ad da saƙon murya ya shigo daga Jummai. Ana jin hayaniyar harabar coci a bayanta. Ta ce na Landan sun yi sauri, na Amurka ma ba a gane abin da suke faɗa ba, amma da aka sa na Dubai, jama'a suka shiga a baiti na uku kamar tare aka yi gwaji, har tsofaffin 'yan kwaya, mawaƙan coci, na kuka. Ta ce Rabaran ya yaba wa yaron nan Edwin daga kan mumbari, ya ce Malam Filibus ya bar magaji. Sai ta rage murya.

"Amma ni na ga idanunsu, Elkana. Duk ƙarshen layi wuri ɗaya suke duba. Na ce wa na kusa da ni, akwai wanda ke tsaye a ƙofa."

Ya zauna a inuwar injin esi ya saurari saƙon sau uku. A na ukun ya ja shi gaba da ɗan yatsa, ya tsallake wurin da aka ce magaji, ya tsaya daidai inda ta rage murya.